Ƙaro a Fiffiken Jirgina

A Jamus na ga dattawa suna tuƙa ƙananan jiragen sama da rimot. Idan siririn katakon da ke rufe soson fiffike ya ɗago, sai su ɗiga gam, nan take ya kama. Mu a Wara da karan dawa muke yin namu, mu manne da ƙaro, shi kuwa sai an jira shi.

Ranar da Baba zai bi masunta kudu, ɓawon fiffiken jirgina ya ɗago. Ba mai zama da yara ba ne, amma ya tsuguna, ya jiƙa ƙaro, ya shafa.

"Aza yatsa nan, Auta."

Ya ɗora nasa bisa nawa. Hannunsa na ƙarnin kifi da hayaƙi.

"Mamman, rana na yi!" in ji wansa daga cikin kwalekwale.

"Ku jira, Yaya. Ƙaro bai san sauri ba."

Ni kuwa addu'a nake a zuci kada ya bushe. Ya bushe, Baba ya miƙe.

Ya dawo da damina, ya yi tsawon rai, amma bai sake zama kusa da ni haka ba.