Furannin Ƙarfe Sha Biyu

Rana ba ta sauka kan furannin sai ƙarfe sha biyu, kuma kafin ɗaya ta buga katangar yamma ta kwashe ta. Saboda haka Mai Zane ba ta ɓata ko minti guda. Ta jingina kwalinta a kan bokiti, ta tsuguna, ta tsoma buroshi cikin jan fenti.

Kwana tara ke nan tana kan wannan hoto. Furannin ba su fi ashirin ba, jajaye da rawaya, a wata 'yar kunya gefen famfo. Amma idan rana ta take, sai su kama kamar garwashi, ƙarƙashinsu kuma ya yi duhu har ya koma shuɗi. Wannan duhun ne ya fi ba ta wahala. Ta san idan ta sa baƙi zalla furen zai mutu, don haka takan haɗa shuɗi da ja, ta dama da gindin cokalin roba.

Sai kuma Doguwa, matar da ke kula da wurin. Ita ke ba da buroshi uku kullum, ita ke ƙirga su idan an tashi. Tun ranar farko jininsu bai haɗu ba. Duk faɗin filin nan, Doguwa ba ta ga wurin tsayawa ba sai daidai inda inuwarta za ta rufe furannin.

"Ranki ya daɗe, ɗan gusa kaɗan," in ji Mai Zane.

"Ranar ta ubanki ce?"

 Mai Zane ta jira har Doguwa ta gaji ta matsa don kanta, minti goma sun tafi a banza.

Ran Asabar 'yarta za ta cika shekara bakwai. Yarinyar tana hannun kakarta, kuma kakar ta yi alkawarin zuwa gobe ta karɓi hoton. Yau ce rana ta ƙarshe.

Saura babban furen tsakiya kawai, wanda ta bari don ta rufe da shi. Ta fara gefensa mai haske, ta ɗora fari-fari a bakin ganyen inda rana ta ci launin. Gumi na shiga mata ido, ba ta share ba.

Doguwa ta dawo, ta leƙa ta kan kafaɗarta.

"Ashe har a zane ma maƙaryaciya ce ke. Ina inuwar ragar?"

Gaskiya ta faɗa. Ragar wayar da aka shimfiɗa a sama tana zuba inuwa layi-layi a kan kowane fure, amma a kwalin babu ko layi ɗaya.

"Ba na sonta a ciki," in ji Mai Zane.

"To, zana wannan mu gani."

Doguwa ta miƙa hannu ta tsinke babban furen, ta jefar, ta murje shi da diddigen takalmi.

Matan da ke shara a can gefe suka tsaya cak. Mai Zane ta miƙe. Buroshin ya juye a hannunta, tsininsa ya koma gaba, ba ta ma san lokacin da ta yi masa irin wannan riƙon ba. Doguwa ba ta ja da baya ba. Murmushi ma take yi, kamar mai jiran baƙon da ta daɗe da gayyata.

"Bismillah," ta ce. "Ai kin saba."

Mai Zane ta dubi hannunta. Ta dubi katanga, inuwa ta riga ta cinye rabin kunyar. Sai ta koma ta tsuguna. Kwana tara tana kallon furen nan, ta san kowace lanƙwasa tasa. Da ka ta ƙarasa shi, ta zurfafa duhun ƙarƙashinsa har jan ya tashi kamar zai ƙona kwalin. Tana ɗage buroshi rana ta bar wurin.

A bayan kwalin ta rubuta da fensir: "Ga lambun da nake aiki. Ina gamawa zan dawo. Ki riƙa jin maganar Kaka."

Doguwa ta karɓi buroshi uku, ta ƙirga. Ta karɓi hoton, ta shafa gefunansa, ta ɗaga shi sama ta duba ko an ɓoye wani abu, sannan ta karanta rubutun da ƙarfi don kowa ya ji. Ta tasa Mai Zane gaba, suka bi dogon barandar har ƙofa ta shida.

"Kin manta ba ki gaya mata ba," in ji Doguwa gandiroba, tana murɗa mukullin a ƙofar ƙarfen, "aikin naki na shekara goma sha biyar ne."