Ranar da Suka Amince

"Masu goyon baya sun yi rinjaye," in ji shugaban majalisa a rediyo. Daga yau, wajibi ne kowane asibitin karkara ya ajiye maganin saran maciji.

Wata mata tana zaune kusa da rediyon tana sauraro. Tun farkon damina mijinta yake bibiyar ƙudirin daga gonarsa ta ƙauyen Indabo. Aka jingine shi domin tantance sababbin alƙalai, sannan majalisa ta tafi hutu.

"Za su dawo kansa kafin girbi, in sha Allahu," yakan ce mata.

Ranar girbi ya ɗaga damin gero, ashe kububuwa tana ƙarƙashi.

Yanzu ta juya da sauri. "Malam, ka ji? Sun amince."

Tabarmarsa tana naɗe a jikin bango. Ta gyara mayafin takabarta, ta kashe rediyon.