Fulas ɗin Baba

Saura wa yarinyar kibiya uku ta kammala gasar harbi, babanta ya miƙo mata fulas ɗin gahawa ta saman shinge.

Direban babbar mota ne, a wajensa gahawa maganin komai ce. Ita kuwa kurɓa biyu ke sa yatsunta rawa a kan tsirkiyar baka. Shekara biyu tana karɓar fulas ɗin da godiya, ta zagaya bayan rumfa, malamin da ke koya mata harbi ya shanye.

Yau babu zagayawa. An ba iyaye kujeru dab da layin harbi, ga Baba yana kallonta. In ta sha, kibiya ta kauce. In ta ƙi, ya gane. Ta buɗe murfin, ta ɗaga zuwa baki.

"Ke, dakata," in ji shi. "Babu sukari a ciki. Miƙa wa malaminki, na ji likita ya hana shi zaƙi."

Ta tsaya tana dubansa.

"Shekara biyu bawan Allahn nan yana gaishe ni da ƙamshin gahawata a bakinsa." Ya zaro gorar ruwa daga aljihu. "Ga naki, 'yar Baba. Je ki harba."