Ɓargon Saniya

Har yau idan na ji ƙamshin romon ƙashi sai raina ya ɓaci, kuma kakata Hajiya ce ta jawo.

Ina ɗan shekara tara likita ya ce ɓargona ba ya yin jini, sai dai a riƙa ƙara mini. Ranar nan bayan la'asar muka dawo daga asibiti, an ƙara mini jinin Baba leda guda. Muna shiga gidanmu na Ƙofar Gayan, Hajiya ta dire mini langa cike da ƙasusuwan saniya.

"Tunda naka ɓargon ya ƙi aiki, ga na saniya. Zuƙe, maigidana."

Na ce na ƙoshi. Ta buga ƙashi a bakin turmi, ɓargon ya zubo, ta tura mini a baki da yatsa. Na haɗiye ina hawaye. Ko hannu ba ta wanke ba ta ja fatar idona ƙasa ta leƙa.

"Kun gani? Har ya yi ja! Kuna can kuna wahalar da yaro da allura."

Na dubi Baba. Yana zaune a tabarma, auduga manne a hannunsa, jiri bai gama sakinsa ba. Ina jira ya yi magana.

Sai ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Allah ya saka da alheri."

Na girma, amma ban daina jin haushin saniyar nan ba. Baba ne ya ba da jini, ita ta kwashe yabon.