Ƙasar da Ta Yi Shuɗi

Pavia ya kashe injin jirgin ruwansa, yana kallon baƙuwar nan ta Danmak tana sauka. Dakta Bodil ce, mai farar furfura, masaniyar sinadarin ƙasa. Kamfanin haƙar ma'adinai da ya turo ta ya rantse ba a taɓa zama a wannan gaɓar Girinlan ba. In ƙasa ta gaskata su, za a tone wurin duka, har da kabarin uwar Pavia, wadda ta mutu tana jiran dawowar jirgin da ya tafi da autarta Danmak maganin tari.

Bai yarda da ita ba. Wanda ya biya kuɗin tafiya shi ke da amsa.

Aikinta ba wuya. Ta ɗebi ƙasa, ta ɗiga mata wani ruwa. Inda mutane suka daɗe suna zubar da ƙashi da kitse, sai ta yi shuɗi.

Abin da ya dame shi, ba ta lalube. Shekaru sun shafe gidajen, ciyawa ta rufe kome, amma ƙafarta ta san inda za ta. A wani fili ma ta sunkuya, kamar mai shiga gajeriyar ƙofa. Lalle an sayar mata da sirrin wurin. Wa? Waɗanda suka sani duk sun kwanta dama, sai shi.

Da rana ya miƙa mata mattak, ɗanyar fatar babban kifi, don ya ga ta yatsine. Ta tauna ido rufe. Safar hannunta ta hagu kuwa ko wajen ci ba ta cire ba.

"Nan ake ɗaure karnuka," in ji ta.

"Ke Dakta, ko ɗigawa ba ki yi ba! Ruwan naki duba yake yi?"

Ta ɗiga. Shuɗi ya fito.

Pavia ya taka jakarta.

"Yau sai kin faɗa mini wanda ya ba ki labari, in ba haka ba ki koma gida da iyo."

Ta dube shi. Sannan ta zare safar. Ƙaramin yatsa guntu ne.

"Baƙin karenka ne ya ba ni labari, Yaya," in ji ta, "ranar da ka bar ni nan ka tafi kamun kifi."