Waya Mai Layi Biyu

Tun asuba Nababa ke lodin kwalaye a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, can ƙasar waje. Da azahar, ko wanka bai yi ba, ya cim ma Zulaiha a kasuwar waya. Ta gama karatu, gobe za ta koma Kano, kuma bai taɓa furta mata komai ba.

Ya miƙa mata sabuwar waya. "Sa layinki na gida mu gani, wasu ba sa ɗauka."

Ta sa, ya hau. "Malam Nababa, ai akwai wani layin a ciki."

"Nawa ne na gida. Kawuna zai kira, ki kwatanta masa gidanku."

Ta sunkuyar da kai. "In ban ɗaga ba fa?"

"Sai ya kira ɗayan."

Ta rufe fuska da gyale tana dariya, sannan ta ƙure ƙarar wayar.