Kwamfuta Biyu a Shagon Nagoda

Nagoda ya juya fanka wajen baƙar kwamfutar, ya bar farar cikin ƙura. Manyan kwamfutocin aiki ne, irin na masu haɗa bidiyon biki, kan tebur ɗaya a shagonsa na Tudun Wada. Baƙar sabuwa ce dal, miliyan ɗaya da rabi. Farar kuwa wasu maza biyu ne suka kawo ta a keke watannin baya, suna sauri kamar ana korarsu. Araha ya same ta, kuma tun ranar ta zame masa kwantai.

Da matar ta shigo, hannunta ya fara dubawa. Sabon lalle, sabuwar atamfa. Amarya ce, in ji zuciyarsa, kuɗin miji na yi mata ƙaiƙayi.

"Hajiya, wannan doki ce," ya ce yana shafa baƙar. "Waccan jaka. Aikin da wannan za ta gama kafin ki sha ruwa, waccan sai kin dafa tuwo."

Ya kunna baƙar, ta buɗe nan take. Ya danna maɓallin farar sau uku, shiru. Matar ta sa babban yatsa ta gefe, ta ɗan tura sama. Kwamfutar ta kama, tana gurnani.

"Kin ji ko? Mai ita ya cika mata ciki da tarkace. Wasu ba su san darajar kaya ba."

Ta goge ƙurar kan farar da bakin mayafinta, ta tambayi kuɗinta. Ya faɗi ninki biyu na abin da ya saya, yana jiran ta taya. Sai ta ce ta saya, bari ta je wurin mai POS.

Nagoda ya yi dariya shi kaɗai. Amma ya san halin mazan amare: gobe ango ya kunna, ya ga tana nawa, ya dawo masa da kaya. Saboda haka ya yi abin da yake yi wa kowace tsohuwar kwamfuta kafin ta bar shagon. Ya goge duk abin da ke cikinta, ya zuba sabuwar manhaja. Rashin netwok ya kai matar har unguwar Kwangila neman cire kuɗin, ya samu sarari ya gama tsaf.

"Na wanke miki ita tas, kyauta," ya ce da ta dawo. "Ko hoto ɗaya na tsohon mai ita ban bari ba. Ki gaya wa ango Nagoda ba ya cuta."

Ni ce matar, kuma har yanzu yana jiran godiyata. Lallen nan na fitar takaba ne, mazan keken yayyen mijina ne, kuma a cikin tarkacen da ya goge ne kaɗai muryar marigayi mijin nawa, Sharfaddeen, ta rage.